Ɗan Kunnen Shona

Talata, 17 ga Mayu

Yau mutumin inshora ya zo. Lutfor sunansa, siriri, da baƙar lema da jakar roba a hammata, takalminsa duk taɓo. Ƙungiyar masu madara ce ta turo shi, gida-gida yake bi. In saniya ta mutu kamfaninsu ya biya, in ta yi ciwo su turo likita. Maganar ke nan, amma sai da shayinsa ya huce kafin ya kai ƙarshenta.

Abba, surukina, yana kan kujerarsa ta gora yana saurare kamar mai jin huɗuba. Mijina, baban Tumpa, ya jingina da mangwaro yana danna waya. Ni ina bakin madafa ina tsince shinkafa, kunnena na wajensu.

Shanu biyu gare mu. Shona ta gida ce. Moyna tawa ce, mahaifina ya ba ni ita tana maraƙa, shekarar da ya rasu. Dukansu baƙaƙe, da farin goshi, ko mai karɓar madara ba ya bambance su. Dukansu kuma da ciki.

Ya zagaya Shona, ya ɗauki hotonta, ya huda kunnenta ya maƙala wata lamba ruwan ɗorawa. 'Yata Tumpa ta yi ta tsalle wai an sa wa Shona ɗan kunne. Da ya zo kan Moyna sai ya tambaya ko ta yi wani ciwo kwanan nan. Baban Tumpa ya ce lafiyarta ƙalau. Abba ya yi gyaran murya.

"Ta yi ciwon baki da kofato watan jiya. Ta warke, amma ta yi."

Ta warke sarai fa. Ko tabo babu.

Lutfor ya mayar da lambar cikin jaka. Chacha yake ce wa Abba, wato baffa. Ya ce, "To, Chacha, sai a jira wata guda, likita ya duba ta ya sa hannu. Ƙa'ida ce." Ya ɗan tsaya yana kallon tsohon. "Ba a cika gaya min irin wannan ba."

Abba ya ce, "Ai kai ka tambaya."

Alhamis, 19 ga Mayu

Na ba maƙwabciyata Parul labari a bakin famfo, katangar gora ce kawai tsakaninmu. Ta yi dariya har tulunta ya cika yana zuba. Wai, "Surukinki nan, ranar da aka sa shi a kabari, kafin mala'iku su buɗe baki ya gama ba su amsa har da ta maƙwabta." Na yi dariya ni ma. Su saniyarsu an sa mata lamba jiya, kuma kowa ya san tarin da take yi tun sanyi.

Lahadi, 29 ga Mayu

Ruwa tun safe. Kogi ya fara cin gefen gonar ciyawa. Abba ya shiga kwalekwale shi kaɗai ya dawo da dami fiye da tsawonsa. Na ce ya bari baban Tumpa ya je, ya ce ɗansa ba ya sanin ciyawar da Moyna take so. Gaskiya ne kuwa. Har magana yake musu in yana shafa musu man darbejiya saboda ƙudaje, sannu ke, matsa ke, kamar jikokinsa.

Ban taɓa ganin mutum mai taurin kai da taushin hannu irinsa ba.

Laraba, 8 ga Yuni

Moyna ta mutu. Aradu ta faɗa mata.

Ba zan iya rubutu ba yau.

Alhamis, 9 ga Yuni

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zai bar ƙirjina.

Jiya bayan azahar sama ta yi baƙi. Shona tana rumfa, ta ƙi fita tun safe. Moyna na ɗaure ta can ƙarƙashin giginya inda ciyawa ta yi kyau. Ni na ɗaure ta. Ina kwashe shanya na ji ƙarar, har haƙorana suka haɗu. Da na isa tana kwance a gefenta, fuskarta ta ƙone, warin gashi ko'ina. Cikinta bai ko motsa ba.

Saura kwana kaɗan watan da Lutfor ya ce a jira ya cika.

Na zauna cikin taɓo ina riƙe da igiyarta. Baban Tumpa ya zo ya tsaya a kaina. Can sai ya tsuguna ya ce a hankali, Abba ya tafi masallaci. Na gane. Ya ce fuskar ta ƙone, hoto ba zai nuna komai ba, a cire lambar Shona a sa wa wannan, shi ke nan. Wa zai tsaya bincike cikin ruwan nan?

Ni na je na ɗauko masa filaya daga akwatin kayan aiki. Ba zan ce shi kaɗai ba ne.

Ina riƙe da kan Shona, shi yana lalubar kunnen, sai hasken ƙofar rumfa ya ragu. Abba ne, hularsa a jiƙe, lemarsa na ɗiga.

"Ajiye."

Ko murya bai ɗaga ba. Baban Tumpa ya fara. Abba, kamfani ne fa, ba mutum ba ne, gini gare su a Dhaka har sama, wannan ba abin da za su ji ba ne. Abba, kowa haka yake yi. Abba, aradu ce, ba mu muka kashe ta ba.

Abba ya ce, "Ni ban san kamfani ba. Yaron da ya zauna a tsakar gidana ya sha shayina na sani. Shi zai sa hannunsa a kan abin da muka gaya masa."

Sai bakina ya kuɓuce. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar masa da magana ba. Na ce, "Ta mahaifina ce. Da ka yi shiru ranar nan da tana da lambarta."

Na ɗauka zai daka min tsawa. Sai ya kalle ni, idonsa ya yi ja. Ya kira ni yadda ya saba, Bouma, wato matar ɗa.

"Haka ne, Bouma. Bakina ya jawo miki. Ki yi fushi da ni, kina da gaskiya. Amma kunnen nan ba za a taɓa shi ba."

Ya miƙa hannu, ɗansa ya sa masa filayar. Ya sa ta a aljihun riga, ya ciro 'yar wayarsa mai maɓalli, ya ce Tumpa ta nemo masa lambar mai inshora.

Da safiyar nan Lutfor ya iso a kwalekwalen haya. Kai tsaye aka kai shi wajen giginya, bai leƙa rumfa ba. Ya tsaya kan gawar, ya ga kunnen ya ƙone shi ma, ba a gane komai. Idonsa a kan wayarsa ya tambaya, "Wacce ce?"

Har yanzu akwai dama, haka zuciyata ta ce. Baban Tumpa ya kalli ƙasa.

"Moyna ce," in ji Abba. "Wadda ba ka sa wa lamba ba."

"To, Chacha, me ya sa ka kira ni? Ka san ba abin da zan iya."

"Don kada ka ɓata ƙafa kai da likita ranar da ka ce za ku dawo. Kuma ka shiga ka ga Shona da idonka, kafin mutane su kai maka wata magana."

Ya shiga ya gan ta. Da ya fito sai ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi shebur daga hannun maza. Da shi aka haƙa ramin, cikin yayyafi, mutumin da ya zo da farar riga. Zai tafi ya tsaya nesa da ni, ya kira ni Bhabi, wato matar yaya, ya ce, "Bhabi, ki yi haƙuri." Na ji yana gaya wa Abba a bakin ruwa cewa wanda ya riga shi riƙe yankin nan irin wannan musayar ce ta kore shi daga aiki. Bai ma sani ba, abin da aka nuna masa ya rubuta.

Ban damu da wanda aka kora ba. Saniyata nake so.

Litinin, 20 ga Yuni

Madara ta koma rabi, kuma Shona ta kusa daina bayarwa. Baban Tumpa ya tafi Belkuchi aikin saƙa, sai ƙarshen wata zai riƙa zuwa. Bai yi sallama da mahaifinsa ba.

Ina kai wa Abba abinci in ajiye in juya. Yana cewa sannu, Bouma. Ba na amsawa. Kullum sai ya faɗa.

Asabar, 2 ga Yuli

Turkenta yana nan. Na kasa cirewa.

Lahadi, 10 ga Yuli

Babbar Sallah. Bana ba mu shiga layya ba, naman da maƙwabta suka aiko muka dafa. Baban Tumpa ya zo, ƙannen Abba ma sun zo daga ƙetaren kogi. Ana tsakiyar cin abinci Abba ya ajiye hannunsa ya ce kowa ya shaida: abin da ke cikin Shona na Bouma ne, mace ko namiji, ba na gida ba. Ƙaninsa ya ce, Yaya, to kai fa da me za ka tashi? Ya ce shi ya tashi tun da daɗewa, zama ya rage masa.

Ina bayan labule da tukunya a hannu. Ban fito ba. Daga baya na ƙara masa nama a kwano, ban sani ba ko ya lura.

Asabar, 6 ga Agusta

Ruwa ya kewaye gidan, tudunmu kaɗai ya rage. Busasshen karan shinkafa ya ƙare. Kowace safiya Abba yana tuƙa kwalekwale har bayan tsohuwar gada inda ciyawa ta tsira. Ya daina zuwa wajen mai shayi, ya daina sayen ganyen pan ɗin da yake taunawa tun kafin a haifi mijina, dusa yake sayo wa Shona. Bai faɗa ba, leɓensa na gani ya daina ja.

Parul ta ce a wajen mai shayi sun sa masa suna, wai Waliyyin Shanu. Wani ya ce da a kotu yake da ya kai kansa ƙara. Ta jira in yi dariya. Dariyar ba ta zo min ba.

Ƙafafun Abba sun tsattsage saboda ruwa. Na ajiye man kwakwa kusa da shimfiɗarsa.

Talata, 6 ga Satumba

Shona ta haihu da hantsi. Mace! Baƙa wuluk, ƙafa ɗaya fara. Tawa.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Na je ba ta ruwan dusa na tarar ta kwanta, ta lanƙwasa wuya ta kifa kai a haƙarƙari. Na ja, na tura, ta ƙi tashi. Na taɓa kunnuwanta, sanyi ƙalau kamar tulu. Na san wannan. Saniyar mahaifiyata haka ta yi, ba ta kai washegari ba. In ta tafi, 'yar ma ba za ta rayu ba, mu ma ban san yadda za mu yi ba.

Na ƙwalla wa Abba kira, karon farko da na kira shi tun watan Yuni. Ya zo da gudu, ya tattare lungi, zanen da yake ɗaurawa, a hannu, ya taɓa ta, ya ciro waya. Abin da ya ce kaɗan ne. "Lutfor, Shona ta haihu ta kwanta, kunnenta ya yi sanyi. Mutuwa take."

Muka lulluɓe ta da buhuna. Abba ya ɗora kanta a cinyarsa yana karanto abin da ya sawwaƙa. Ni ina riƙe da maraƙar ina kallon ruwa. Na ce a raina ba za su zo ba, cikin ambaliyar nan, likita ɗaya ga ƙauyuka nawa.

Rana ba ta faɗi ba na ji inji. Lutfor ne a gaban jirgi yana nuna hanya da lemarsa, likita a bayansa rungume da akwati. Kafin likitan ya buɗe akwatin sai ya kama kunnen Shona, ya goge taɓo da yatsa, ya karanto lambar da ƙarfi. Lutfor ya duba waya ya ce, "Ita ce, tana cikin jerinmu." Sannan aka fito da kwalba.

A nan na gane. Da mun yi abin da muka so yi, lambar nan ta gawa ce tun watan Yuni. An biya an rufe. Da wa za mu kira? Mu ce wace saniya ce ta kwanta?

Ya sa mata allura a jijiyar wuya, Lutfor ya ɗaga kwalbar sama, hannunsa ya gaji ya canja, ya sake canjawa. Kwalba ba ta ƙare ba ta fara rawar jiki, ta yi gyatsa, ta ɗago kai. Can sai ta tattara ƙafafu ta miƙe, tana tangaɗi, ta juya tana neman 'yarta. Abba ya fashe da kuka. Ban taɓa gani ba, ko ranar rasuwar surukata.

Laraba, 7 ga Satumba

Jiya da nake ba su shayi likitan yana ta mita, wai an fizgo shi daga kan hanya, akwai wasu gidajen da suka riga kira. Lutfor ya ce masa, ba don mu ji ba amma na ji, "Kowa in ya kira ni cewa yake saniyarsa tana mutuwa, don mu yi sauri. Mu je mu tarar tana cin ciyawa. Wannan tsohon in ya ce mutuwa take, to mutuwa take." Daga nan suka wuce sauran gidajen.

Na kira baban Tumpa na ba shi labari duka, har karanta lambar. Ina jin ƙarar masaƙa a bayansa. Sai ya ce in ba Abba wayar. Ban san me suka ce ba. Na ji dai Abba yana cewa, "To, to, ya wuce. Kana cin abinci kuwa?"

Juma'a, 16 ga Satumba

Na dafa madarar Shona da sukarin dabino, na kai wa Abba nasa a kwanon tagulla. Ya ce sannu, Bouma. Na ce yawwa, Abba. Ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai ya ci gaba da ci kamar ba abin da ya faru. Haka yake, ba ya tona abin da ya wuce.

Na tambaye shi, da Shona ta mutu duk da haka fa? Da likita bai zo ba? Ya lashe cokali ya ce da mun binne ta kusa da 'yar'uwarta. Na ce ba ka yi nadama ba? Ya ce ya yi, ranar aradu ya yi, har ya kasa sallah da natsuwa. Amma in aka sake tambayarsa abin da zai faɗa ke nan.

Moyna ba ta dawo ba. Wannan ba wanda ya biya ni. Ina rubutawa don kada in manta.

Tumpa ta sa wa maraƙar suna Jhumur. Ta ci gefen gyalena yau.

Litinin, 3 ga Oktoba

Saniyar su Parul ta mutu jiya. Mijinta ya bar buhun takin zamani a buɗe a rumfa, ta ci, cikinta ya kumbura. Ina bakin katanga lokacin, na ga buhun, na ga kumfar bakinta. Irin wannan sakacin ba a biya, an karanta musu tun ranar farko.

Da safe Parul ta shigo, idonta a kumbure. Ta zauna kusa da ni ina yanka kabewa. Ta ce Lutfor zai zo da rana, za su ce maciji ne, ana bukatar maƙwabcin da ya gani. "Ke kawai ki ce kin ga macijin yana fita. In daga gidan nan maganar ta fito ba zai ko tambaya ba."

Parul ce ta kwana da ni ranar da na haifi Tumpa. Ita ta wanke min zannuwa.

Na buɗe baki in ce to. Abin da ya fito shi ne, "Ban ga maciji ba, Parul."

Ta ce ta san ban gani ba, ai shi ya sa take roƙona. Na ce ta gaya masa yadda aka yi, wataƙila akwai abin da zai iya. Na ce madarar yaranta a kaina, safe da yamma, har su sami wata. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Tsohon nan ya gama da ke," ta ce, ta fita ba sallama.

Abba yana bayan gida yana gyaran darni, bai ji komai ba, ba kuma zan gaya masa ba.

Da yamma na miƙa kwanon madara ta saman katanga. Ya daɗe a hannuna har kafaɗata ta fara ciwo. Sannan aka karɓa, ba magana.

Ba wai na zama irinsa ba ne. Ni ina da wayo, na san duniya. Macijin ne kawai ban gani ba.